Hawa Rukunin Sama: Gardamar Da Ta Ƙi Mutuwa Tsakanin 'Yan Kallon Ƙwallo A Jos

Daga Wakilinmu a Jos

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Titin Bauci ko Gangare, ko kuwa ya shiga ɗaya daga gidajen kallon ƙwallo na Unguwar Rogo da Dilimi da Bukur, ya san mutanen Jos ba su gajiya da gardamar tamaula. Yawancin irin wannan gardama takan mutu da zarar an tashi daga wasa, kowa ya kama gabansa. Amma akwai guda ɗaya wadda ba ta mutuwa, duk shekara idan kakar wasa ta zo ƙarewa sai ta sake ɗago kai, watau maganar hanyar da ta kamata a bi wajen ɗaukar ƙananan ƙungiyoyi a hau da su rukunin sama. Waɗansu sun ce wanda ya fi maki a ƙarshen kaka shi ne ya cancanta, a ba shi abinsa. Waɗansu kuwa sun ce a'a, a tara gwanayen a gari ɗaya su kara a wasannin raba gardama, wanda ya fi ƙarfi ya wuce.

Don amfanin masu karatu waɗanda ba su bin wasannin gida sosai, wasan ƙwallon ƙafa a Nijeriya hawa-hawa yake kamar matakalar bene. A can sama akwai gasar Firimiya mai ƙungiyoyi 20, inda Plateau United take. A ƙarƙashinta akwai rukuni na biyu, wanda ake kira NNL, an raba shi shiyyar Arewa da shiyyar Kudu saboda nisan tafiya da tsadarta. A ƙasan wannan kuma akwai gasar Nationwide, inda ƙungiyoyin unguwanni da na ƙananan hukumomi da makarantun koyon ƙwallo suke fafatawa. A yawancin shekaru ƙungiyoyi huɗu ne ke faɗowa daga Firimiya, huɗu kuma su hau su maye gurbinsu. A kan waɗannan gurabu huɗu ake ta da jijiyar wuya.

An gwada hanyoyin duka biyu. A 2015 da 2022, ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a kowane sashe cikin sassa huɗu ita ce ta hau kai tsaye. A waɗansu shekarun kuwa an yi abin da ake kira Super 8, watau a zaɓo ƙungiyoyi takwas mafi ƙwazo, huɗu daga Arewa huɗu daga Kudu, a kai su gari guda su yi 'yan kwanaki suna karawa. Haka aka yi a Aba cikin Janairun 2019, inda Kada City da Gombe United da Remo Stars da Bendel Insurance suka haye. Haka aka yi a Inugu a 2021, aka kuma yi a Asaba a 2023, inda Kano Pillars da Katsina United suka komo Firimiya bayan shekara ɗaya da faɗuwarsu, tare da Heartland da Sporting Lagos. An koma Inugu a 2024, an kuma sake komawa Asaba a 2025, shekarar da Wikki Tourists ta Bauci da Barau ta Kano suka sami hawa.

Tsohon miki

Kafin mutum ya fahimci abin da ya sa mutumin Jos yake ɗari-ɗari da duk wani wasa na rana ɗaya, sai ya koma baya. A 1972 aka fara gasar ƙasa ta tara maki a Nijeriya, kuma Mighty Jets ta Jos, ƙungiyar da Alhaji Isyaku Ibrahim ya kafa, ita ce ta fara cin ta. Ƙungiya ce mai su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo da Baba Otu Mohammed da 'yan gidan Atuegbu. A wannan shekara kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, ta yi 2 da 2 da Bendel Insurance a Ikko, aka sake wasan a filin Liberty na Badun, Insurance ta ci 3 da 2. A 1974 Jets ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta doke ta 2 da 0.

Ba a nan abin ya fara ba, ba kuma a nan ya tsaya ba. Tun 1951 ƙungiyoyin Jos suke zuwa wasan ƙarshe na wannan kofi suna komowa hannu rabbana, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Plateau United ta gaji wannan rashin sa'a, BCC Lions ta Gboko ta kayar da ita a 1993, Wikki Tourists kuma ta kayar da ita da bugun daga kai sai mai tsaron gida a 1998. Sai a 1999 ne kofin ya shigo Jos, sa'ad da Plateau United ta ci Iwuanyanwu Nationale 1 da 0. Ni dai ban ga Sam Garba da idona ba, ya rasu tun 1978 kafin a haife ni, amma na tashi ina jin dattawa suna ba da labarin wasan Badun kamar jiya aka yi shi, har da wanda ya zubar da wace dama. Garin da ya yi kusan shekara hamsin yana kuka a ranar wasan ƙarshe, ba abin mamaki ba ne idan ya fi amincewa da lissafin maki.

Wannan shi ne tushen hujjar ɓangare na farko, kuma a iya saurarena su ne suka fi yawa a cikin dattawa. Abin da suke cewa shi ne, kakar wasa kamar noma ce, wanda ya yi sharar gona ya yi shuka ya yi noman fari da maimai shi ne ya kamata ya girbe. Ƙungiya ta yi watanni tana yawo a mota daga Jos zuwa Maiduguri, daga Yola zuwa Sakkwato, 'yan wasa suna kwana a hanya, waɗansu lokuta albashi ma bai fito ba, ta daure ta zo ta ɗaya a sashenta, sa'an nan a ce mata duk wannan share fage ne kawai, ta zo ta sake sabon lale cikin mako guda. A cikin wannan mako zazzaɓi zai iya kama mai tsaron gida, mai cin ƙwallo zai iya gurɗewa, alƙalin wasa zai iya yin kuskure guda, shi ke nan wahalar shekara ta bi ruwa.

Suna kuma da misali a gida wanda ba su gajiya da kawowa. Plateau United ta hau Firimiya a ƙarshen kakar 2015 ne ta hanyar zuwa ta ɗaya a sashenta, tare da Niger Tornadoes da MFM da Ikorodu United. Shekara biyu bayan haka, a 2017, ƙarƙashin mai koyarwa Kennedy Boboye, ta ci gasar Firimiya ɗungum, ta rufe da doke Rangers 2 da 0 a filin Rwang Pam. Rabon Jos da wannan kambi tun na Jets a 1972, shekara 45 ke nan. MFM ɗin da suka hau tare ita ce ta zo ta biyu a wannan shekara. To, in ji su, ga shaida nan cewa jadawalin maki ba ya ƙarya, wanda ya fito da shi gwani ne na gaske.

Akwai kuma ƙorafin nisa, wanda na ga ya fi damun matasa masu son bin ƙungiya duk inda ta je. Wasannin Super 8 ɗin nan biyar da na lissafa, daga na Aba zuwa na Asaba na 2025, duka a Kudu aka yi su. Mai goyon bayan ƙungiyar Arewa wanda ya biya kuɗin ƙofa duk tsawon kaka, idan ranar da ta fi kowace muhimmanci ta zo, sai ya ga an ɗauke wasan an kai shi inda sai ya yi tafiyar yini guda, ya kama ɗaki na mako, ya bar sana'arsa. Tela ko mai gyaran babur na Farin Gada ba zai iya wannan ba, sai dai ya jira labari ta wayar hannu.

Masu son a kara

Ɓangare na biyu ba su musun ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da suke tambaya shi ne, su makin da ake taƙama da su, ta yaya aka same su? Kowa ya san cin wasa a gidan wani a ƙananan rukunoni abu ne mawuyaci ƙwarai, kuma ba kullum ne ƙwarewar masu gida take jawo haka ba. Akwai filayen da babu shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, 'yan sanda ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, babu na'urar ɗaukar hoto ko guda, alƙalin wasa kuwa ya san ta cikin taron nan zai bi ya fita idan an tashi. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan ƙwallo ta taɓa hannun ɗan gida a da'irar gola ana saura minti biyu, sai ya yi tunanin iyalinsa kafin ya busa. A irin wannan gasa, in ji su, kowa yana cinye wasanninsa na gida, wanda ya zo na ɗaya sau da yawa shi ne wanda ya yi dabarar samo kunnen doki biyu ko uku a waje, kuma Allah kaɗai ya san yadda aka samo su.

Saboda haka suke ganin tara ƙungiyoyi a filin da ba na kowa ba shi ne adalci. Fili ɗaya, ciyawa ɗaya, manyan hukuma suna zaune, 'yan jarida suna kallo, ana nuna wasan ga duk mai waya. Wanda zai yi maguɗi a nan sai ya yi shi a bainar jama'a. Suna ƙarawa da cewa wasannin raba gardama suna hana gasa mutuwa tun da sauran lokaci, gama idan ta ɗaya kaɗai ke hawa, da zarar wata ƙungiya ta ba da rata sai sauran su saki jiki, kuma ƙungiyar da ba ta da abin nema ba ta da abin tsoro ita ce ta fi sauƙin sayar da wasa. Idan kuwa ta biyu ma tana da rabo, to kowa zai riƙe wuta har ranar ƙarshe.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma na daɗe ina karkata gare ta. Amma duk sa'ad da mai wannan ra'ayi ya kai nan a Jos, sai wani daga gefe ya ambaci Bauci, sai wurin ya yi tsit ko kuwa a fashe da dariya.

Ranar ƙwallo 146

A farkon watan Yuli na 2013 aka yi wasannin raba gardama a Bauci don neman shiga matakin ƙasa na gasar Nationwide. Ƙungiyoyi biyu suka zo wasansu na ƙarshe da maki daidai, watau Plateau United Feeders ta Jos, wadda ita ce ƙungiyar rainon matasa ta Plateau United, da Police Machine ta Yola. Gurbi ɗaya ne, kuma idan duka biyun suka ci wasanninsu, yawan ƙwallaye ne zai raba su. Feeders ta kara da Akurba ta Lafiya, Police Machine kuma ta kara da Bubayaro ta Gombe, aka fara wasannin lokaci guda.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Feeders tana da 7 da 0, Police Machine tana da 6 da 0. Ko wannan ma ya isa a ɗaga gira. Amma da aka tashi, Feeders ta ci 79 da 0, Police Machine ta ci 67 da 0. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi da kansa. Ƙwallo 72 cikin minti 45 na zagaye na biyu, watau ƙwallo ɗaya a kowace daƙiƙa 37 ko 38, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne za a ciro ƙwallo daga raga, a kai ta tsakiyar fili, waɗanda aka ci su taɓa, a karɓe, a sake kai ta raga. A ɗaya filin kuma ƙwallo 61 cikin wannan lokaci. Ko yara masu buga ƙwallon tsumma a lungu sun san ba a yin haka sai da yardar wanda ake ci.

Labarin ya zaga duniya cikin kwana biyu, gidajen rediyo da jaridun Turai suka yi ta yi mana dariya. Har aka riƙa tuno da wasan Madagaska na 2002 da aka tashi 149 da 0, ko da yake su can 'yan wasa ne suka yi ta cin gidansu da gangan don nuna fushi da alƙalanci. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu nan take, ta kafa kwamitin bincike, kafin watan ya ƙare kuma ta hana 'yan wasan da jami'an da abin ya shafa shiga harkar ƙwallo har iyakar ransu, ƙungiyoyin kuwa aka hana su wasa shekara goma.

Abin da ya fi tsaya wa mutanen Jos a rai shi ne yaran. Ƙungiyar raino ce, matasa ne masu mafarkin bin sawun John Mikel Obi, wanda ya bi ta Plateau United kafin ya tafi Turai, ko Ahmed Musa, wanda ya buga wa JUTH ta nan Jos kafin ya koma Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010. Da wuya a sami wanda ya yarda cewa yaro ɗan ƙungiyar raino shi ne ya zauna ya ƙulla irin wannan ciniki, amma shi ne aka rufe wa ƙofa.

Ɓangarorin biyu kowa yana jan wannan labari wajensa. Masu ƙin raba gardama suna cewa ga filin da ba na kowa ba nan, ga wasa lokaci guda nan, me ya hana? Idan aka tattara rabon shekara guda aka ɗora shi a kan yammaci ɗaya, aka kuma haɗa mai neman hawa da wanda ya riga ya fita daga lissafi, to an buɗe kasuwa ke nan. Su kuwa ɗaya ɓangaren suna cewa ai da a ce a ɓoye aka yi wannan ciniki, ƙwallo uku yau a wannan gari, huɗu mako mai zuwa a wancan, da har yau ba wanda ya sani. Haɗuwa wuri ɗaya ce ta tona asirin.

A nawa ganin, abin da ya lalata ranar Bauci shi ne dokar yawan ƙwallaye. Ƙungiyoyi biyu suna gari ɗaya, makinsu ɗaya, ga fili ga alƙali. Da doka ta ce idan aka yi daidai su biyun za su sake karawa da junansu washegari, har zuwa bugun daga kai sai mai tsaron gida in ta kama, da ƙwallo 79 ba su da wani amfani ga kowa. Fara wasanni lokaci guda dabara ce da hukumar FIFA ta ɗauka bayan abin kunyar da Jamus ta Yamma da Ostiriya suka yi wa Aljeriya a gasar cin kofin duniya ta 1982, amma a zamanin da kowa yake da waya a aljihu, wanda ke wannan fili yana jin abin da ke faruwa a wancan kafin a mayar da ƙwallo tsakiya.

Yadda Ingila take yi

Da yake matasan Jos sun fi sanin ƙungiyoyin Ingila bisa ga na garinsu, ba a daɗewa ana wannan gardama sai an ƙetara can. A 1987 Ingila ta fara wasannin raba gardama na hawa rukuni, kuma can ma ba a daina ƙorafi ba. A 2025 Sheffield United ta gama rukuni na biyu da maki 90, Sunderland tana da 76, amma da suka haɗu a filin Wembley Sunderland ta ci 2 da 1 ta hau Firimiya. A can ƙasa kuma, a rukuni na biyar, Notts County ta tara maki 107 a 2023 amma Wrexham ta fi ta da 111, kuma gurbin hawa kai tsaye ɗaya ne tak. Sai da Notts ta bi ta raba gardama, ta sha da ƙyar a hannun Chesterfield da bugun daga kai sai mai tsaron gida, alhali ta ba Chesterfield ratar maki fiye da 20 a jadawali.

Sai dai akwai bambancin da masu kawo misalin Ingila sukan tsallake. A can, wanda ya zo na ɗaya ba ya shiga raba gardama ko kaɗan. A rukuni na biyu ƙungiyoyi biyu na sama suna hawa kai tsaye, gurbi na uku kaɗai ake jefawa a faifai. Ban da haka, wasannin kusa da na ƙarshe gida da waje ake yin su, saboda haka kowane mai goyon baya yana ganin ƙungiyarsa a garinsa kafin a tafi Wembley. A tsarin Super 8 kuwa gurabu huɗun duka ake zubawa a faifai, wanda ya yi fice duk kaka da wanda ya shigo da ƙyar su fara daga sifiri. Ko a Firimiyarmu an ga irin wannan a 2023, sa'ad da aka raba gasar gida biyu: Bendel Insurance ta gama wasannin sashenta ba a doke ta ko sau ɗaya ba, amma da aka tara shida na sama a Ikko, Enyimba ce ta tafi da kofi. Na ji dattawan Jets da suka ce ba su ji tausayin Insurance ba ko kaɗan, bashin 1972 ne aka fara biya.

Hawan da ake yi a ofis

Akwai wurin da ɓangarorin biyu suke ajiye gardama su haɗa baki, shi ne idan aka zo maganar hawa da saukar da ba a fili ake yin su ba. Jos ta ga wannan iri-iri. Ƙungiyar Giwa ta hau Firimiya a ƙarshen kakar 2013, har Jos ta shiga kakar 2016 da ƙungiyoyi biyu a sama, amma kafin kakar ta ƙare aka kori Giwa daga gasar saboda rashin halartar wasanni uku. A 2018 rikicin shugabancin NFF tsakanin Amaju Pinnick da Chris Giwa ya tsayar da Firimiya bayan wasanni 24, aka rufe kakar ba tare da kowa ya faɗi ba. Sa'an nan aka shiga jayayya a kan ko ƙungiyoyi nawa za su hau daga rukuni na biyu, abin da ya sa wasannin Aba ba su yiwu ba sai cikin Janairun shekarar da ta biyo. A 2020 kuma annobar korona ta tsayar da gasa Plateau United tana kan gaba da maki 49 a wasanni 25. An ba ta gurbin zuwa gasar zakarun Afirka, amma ba a naɗa ta zakara ba, kuma a shekarar babu wanda ya hau babu wanda ya sauka, ƙananan ƙungiyoyi suka yi asarar abin da suka kashe.

Wanda ya fi ba mutane haushi shi ne cinikin gurbi. A 2024 Beyond Limits ta Ikenne ce ta zo ta ɗaya a Super 8 na Inugu, amma da yake mai ita shi ne mai Remo Stars, doka ba ta yarda su zauna rukuni ɗaya ba. Gurbin nata sai ya koma hannun Heartland ta Owerri, wadda a wannan kakar ce ta faɗo daga Firimiya. Ba a karya doka ba, an dai bi ta yadda take a rubuce. Amma mai kallo a Jos yana tambaya, tun da an san ƙungiyar ba za ta iya hawa ba, me ya sa aka bar ta ta tare wa wata hanya, kuma me ya hana a ba wadda ta biyo baya a fili? Idan wanda ya faɗi zai iya komowa ta ƙofar baya kafin a fara sabuwar kaka, to gardamar maki da raba gardama ta zama ta masu shan shayi kawai.

Bayan na saurari kowa, abin da na fahimta shi ne mutanen Jos za su iya zama da kowane tsari cikin biyun, muddin an faɗe shi tun kafin a buga wasan farko, aka kuma bar shi yadda yake har ƙarshe. Abin da ya gajiyar da su shi ne bana wannan, baɗi wancan, wani lokaci ma sai kaka ta yi nisa ake jin yadda za a ƙare ta. Da za a tambaye ni, da na ce wanda ya zo na ɗaya a shiyyarsa ya hau kai tsaye, ya ci ladan wahalarsa, sauran gurabu biyun a yi raba gardama a kansu. A riƙa kewayawa da wasannin tsakanin Kudu da Arewa, gama Kaduna da Kano da Bauci da Jos duk suna da filayen da za su iya ɗauka. Inda maki ya zo daidai a sake karawa, a daina ƙirga ƙwallayen da aka zura wa wanda ya riga ya haɗa kayansa. Gurbin da mai shi bai iya hawa ba kuma ya faɗa wa na bayansa a jadawali.

Mighty Jets, wadda ta fara cin gasar ƙasar nan, ta shafe shekaru masu yawa a rukuni na biyu tana neman hanyar komawa. Tsofaffin magoya bayanta suna nan, waɗansu da sanda suke zuwa kallo, kuma su ne suka fi kowa zafi a wannan gardama. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, wani dattijo da ya ce yana cikin waɗanda suka bi ƙungiyar zuwa Badun a 1972, ko wace hanya ya fi so Jets ta bi ta hau. Ya nuna mini shi mai ra'ayin maki ne tun fil azal, bai kuma canza ba. Amma da na ce masa to idan Jets ta zo ta biyu a sashenta fa, aka ce akwai Super 8 a Asaba, sai ya yi shiru, can ya tambaye ni nawa ne kuɗin mota daga Jos zuwa Asaba yanzu.